Lizzie Magie

Elizabeth J. Magie Phillips (an haife ta ranar 9 ga watan Mayu, 1866, ta mutu ranar 2 ga watan Maris, 1948), wadda aka fi sani da Lizzie Magie, Ba'amurkiya ce mai ƙirƙirar wasannin allo, marubuciya, kuma 'yar fafutukar neman 'yancin mata. Ita ce ta ƙirƙiro wasan The Landlord's Game, wato wasan mai gidan haya, wanda hukumomin Amurka suka ba ta takardar mallakarsa a shekarar 1904. Wannan wasa shi ne tushen Monopoly, ɗaya daga cikin wasannin da iyalai da abokai suka fi zama su yi a kan tebur a faɗin duniya.

Magie ta tsara wasan ne domin ta nuna wa manya da yara yadda babakeren 'yan tsiraru a kan filaye yake azurta masu karɓar haya, ya talauta masu biya. Ta yi masa dokoki iri biyu: ɗaya wanda kowa ke amfana idan dukiya ta ƙaru, ɗaya kuma wanda mutum guda ke cinye sauran. Na biyun ne ya karɓu a wurin jama'a, kuma shi aka fara sayarwa da sunan Monopoly, aka ce wani mutum mai suna Charles Darrow ne ya ƙago shi. Dala 500 ce kawai ta shiga hannun Magie daga kamfanin da ya sayi takardar mallakarta, kuma ta mutu ba tare da mafi yawan masu yin wasan sun taɓa jin sunanta ba. Sai a shekarun 1970, sanadiyyar wata shari'a, aka tono labarinta.

Asali da ƙuruciya

An haifi Magie a garin Macomb da ke jihar Illinois, shekara guda bayan ƙare yaƙin basasar Amurka. Sunan mahaifiyarta Mary Jane Ritchie. Mahaifinta, James K. Magie, ɗan jarida ne mai buga jaridarsa, kuma yana cikin masu fafutukar ganin an haramta bauta a ƙasar. Ya yi wa Abraham Lincoln rakiya a zagayen da ya yi cikin jihar Illinois a shekarar 1858, lokacin da Lincoln ke tafka muhawara da Stephen Douglas kan kujerar majalisar dattawa. Ta tashi ke nan a gidan da siyasa da rubutu suke abin hira na yau da kullum.

Mahaifin nata ne ya fara nuna mata littafin Progress and Poverty na Henry George, wanda ya fito a 1879. Ra'ayin da ta samu a wannan littafi shi ta riƙe har ƙarshen rayuwarta, kuma shi ne ya haifar da wasan da ta ƙirƙira.

Aiki a Washington

A shekarun 1880 iyalin suka koma yankin Washington, babban birnin ƙasar. A can Magie ta kama aikin ɗaukar rubutu da buga tafireta a wani sashe na gidan waya da ake tara wasiƙun da aka rasa masu su. Aikin tafireta yana cikin ayyukan ofis ƙalilan da mata ke samu a lokacin, albashinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Duk da haka ta yi tanadi har ta sayi gidan kanta da fili a Brentwood, cikin jihar Maryland, kusa da Washington, abin da ba a saba ganin mace marar aure ta yi ba a wancan zamani.

Idan ta tashi daga aiki takan yi rubutu da wasan kwaikwayo. Ta wallafa littafin waƙoƙi mai suna My Betrothed and Other Poems a 1892, ta kuma rubuta gajerun labarai. Ɗaya daga cikinsu, The Theft of a Brain, wanda ya fito a mujallar Godey's, labarin wata marubuciya ne da aka sace mata basira. A dandalin wasan kwaikwayo an san ta da ban dariya.

A shekarar 1893 ta sami takardar mallakar ƙirƙira ta farko, kan wata dabara da ke sa takarda ta riƙa wucewa cikin tafireta da sauƙi. A lokacin, mata ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu neman irin wannan takarda a Amurka ba, kuma sai a 1920 dokar ƙasa ta ba matan Amurka baki ɗaya damar jefa ƙuri'a.

Ra'ayin Henry George

Henry George (1839–1897) ɗan jarida ne kuma masanin tattalin arziki. Tambayar da ya sa a gaba ita ce: me ya sa talauci ke ƙaruwa a biranen da arziki ya fi bunƙasa? Amsarsa ita ce fili. A ganinsa, abin da mutum ya samar da guminsa nasa ne, amma ƙasa babu wanda ya ƙera ta, kuma darajar fili tana tashi ne saboda jama'ar da suka taru kewaye da shi da hanyoyi da kasuwannin da aka gina. Mai fili yana iya naɗe hannu ya zauna, farashin filinsa na ninkuwa, haya na ƙaruwa, ƙarin albashin da ma'aikaci ya samu ya ƙare a aljihun mai gida.

Maganin da George ya kawo shi ne gwamnati ta sa haraji a kan darajar fili kaɗai, ban da ginin da ke kansa, ta soke sauran haraje-harajen da ke kan aiki da sana'a, sannan ta kashe kuɗin a kan abin da zai amfani kowa. Wannan ra'ayi ya shahara da sunan haraji guda. Ya sami mabiya da yawa a Amurka da Birtaniya, har George ya zo na biyu a zaɓen magajin garin New York na 1886, ya sha gaban Theodore Roosevelt wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa.

Bayan mutuwar George, mabiyansa sun ci gaba da wa'azin ra'ayinsa ta hanyar laccoci da ƙasidu. Magie ma tana koyar da shi da yamma, amma ta lura mutane ƙalilan ne ke zuwa. Sai ta yanke shawarar zuba darasin cikin wasa, yadda mutum zai ɗanɗana ɗacin biyan haya da kansa, yana zaune a tebur tare da 'yan'uwansa.

The Landlord's Game

Magie ta yi bayanin wasan a mujallar The Single Tax Review a 1902. Ta nemi takardar mallakarsa ranar 23 ga watan Maris, 1903, aka ba ta ranar 5 ga watan Janairu, 1904, da lamba 748,626.

Allon wasan mai kusurwa huɗu ne, da gidaje tara a kowane gefe tsakanin kusurwoyin, jimilla gidaje 40. A tsakiyar kowane gefe akwai layin dogo guda. Mafi yawan sauran gidajen filaye ne, kowanne da farashinsa da kuɗin hayarsa. Akwai gidajen kamfanin ruwa da na wutar lantarki, da gidajen kayan masarufi irin su burodi da matsuguni, waɗanda dole mai wasa ya biya idan ya sauka a kansu. A wata kusurwa akwai hoton duniya, inda duk wanda ya kewayo allon yake karɓar dala 100 a matsayin ladan aikinsa. A wata akwai lambun shaƙatawa na jama'a da gidan gajiyayyu, inda ake tura wanda kuɗinsa ya ƙare. Kusurwa ta uku kurkuku ce, ta huɗu kuma fili ne da aka hana shiga, wanda duk ya taka shi sai a wuce da shi kurkuku. Wanda aka ɗaure yakan fita ne idan ya biya tarar dala 50, ko kuma idan ƙwayoyin wasan biyu, irin waɗanda ake jefawa a ludo, suka faɗo masa da lamba iri ɗaya. Duk wanda ya san allon Monopoly zai gane yawancin waɗannan abubuwa.

Tsarin ya bambanta da na wasannin allon da aka saba da su a gidajen Amurka a ƙarni na 19, irin su The Mansion of Happiness da The Checkered Game of Life na Milton Bradley, waɗanda ke da mafari da maƙura, kuma darasinsu tarbiyya ce. A wasan Magie zagaye ake yi ana maimaitawa, ana saye, ana karɓar haya, ana cin bashi, ana biyan haraji.

Dokoki iri biyu

Abin da ya fi muhimmanci a wurin Magie shi ne dokokin. A tsari na farko, kuɗin haya na shiga aljihun wanda ya riga ya sayi fili. Kowa na farawa da kuɗi daidai da na ɗan'uwansa, amma bayan 'yan zagaye sai filaye su taru a hannun mutum ɗaya ko biyu, sauran su koma aiki suna miƙa musu abin da suka samu. A tsari na biyu, wanda ya bi ra'ayin George, hayar fili baitulmali take shiga, a yi amfani da ita wajen ayyukan jama'a da ƙarin albashi. 'Yan wasa suna iya amincewa a tsakaninsu su sauya daga tsari na farko zuwa na biyu ana tsakiyar wasa. A bugun da aka yi daga baya, an sa wa tsari na biyu suna Prosperity, ma'ana wadata, kuma ana gama wasan ne idan wanda ya fi kowa ƙarancin kuɗi ya ninka jarin da ya fara da shi.

Fatanta shi ne idan mutane suka gwada tsarin biyu a kan allo ɗaya, za su ga bambancin da idonsu, musamman yara, waɗanda take ganin ba su da wuyar gane zalunci. Abin da ya faru daga baya ya saɓa wa wannan fata: mafi yawan masu wasa sun fi jin daɗin tsarin da ake talauta abokin wasa, suka riƙe shi, suka yi watsi da ɗayan.

Rayuwa a Chicago

A shekarar 1906 Magie ta koma birnin Chicago. A wannan shekara ce ita da wasu mabiya George suka kafa kamfanin Economic Game Company, suka buga wasan suka fitar da shi kasuwa.

A wannan shekara kuma sunanta ya cika jaridun Amurka saboda wani dalili dabam. Dala 10 take samu a mako a aikin tafireta, kuɗin da da ƙyar yake riƙe mutum guda. Sai ta sayi fili a jarida ta buga talla, ta sa kanta a gwanjo a matsayin baiwa Ba'amurkiya, ga duk wanda ya fi taya ta da tsada. Da 'yan jarida suka yi mata caa, ta bayyana cewa manufarta ita ce ta nuna halin da mata ma'aikata ke ciki, waɗanda ƙarancin albashi ya sa aure ya zame musu hanyar tsira guda ɗaya. Bayan wannan lamari ta sami aikin ɗauko rahoto a wata jarida.

Ta kai The Landlord's Game ga kamfanin Parker Brothers da ke Salem a jihar Massachusetts, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wasanni na ƙasar, amma mai kamfanin, George Parker, bai karɓa ba. Sai dai a 1910 kamfanin ya buga wani wasan kati na raha da ta ƙirƙira, mai suna Mock Trial. A wannan shekara ta auri Albert Wallace Phillips, ɗan kasuwa da ya girme ta da shekara goma, tana da shekara 44. Ba su sami haihuwa ba.

A Birtaniya, masu goyon bayan harajin fili a Scotland sun ɗauki wasan suka yi masa kwaskwarima, aka buga shi a 1913 da sunan Brer Fox an' Brer Rabbit.

Yaɗuwar wasan daga hannu zuwa hannu

Wasan bai yi kasuwa sosai a kantuna ba, amma ya yaɗu ta wata hanya. Mutane sukan koye shi a gidan abokai, su koma gida su zana nasu allon a kan kwali ko katako ko shimfiɗar tebur, su sa sunayen titunan garinsu, su sauya dokoki yadda suke so.

Ɗaya daga cikin wuraren da ya fara kama ƙasa shi ne ƙauyen Arden a jihar Delaware, wanda mabiya George suka kafa a 1900. Scott Nearing, malamin tattalin arziki a makarantar Wharton ta Jami'ar Pennsylvania, ya zauna a Arden, kuma ya riƙa amfani da wasan wajen koyar da ɗalibansa. Daga nan ɗalibai suka kai shi wasu jami'o'i da kwalejoji. A hannun waɗannan 'yan wasa ne aka riƙa yin gwanjon filaye, aka kuma fara kiran wasan da sunan monopoly, kalmar da ke nufin babakere a kasuwa. Da yawa cikinsu ba su san daga inda ya fito ba.

Wa'adin takardar Magie ta farko ya ƙare a 1921. Bayan ita da mijinta sun dawo yankin Washington, ta sabunta wasan ta sami takarda ta biyu, mai lamba 1,509,312, a watan Satumba na 1924. Ta sake tuntuɓar Parker Brothers, suka sake ƙi. A 1932 kamfanin Adgame na Washington ya buga sabon tsarin, ɗauke da dokokin nan iri biyu. A shekarar kuma wani mai suna Dan Layman ya fitar da nasa samfurin a Indianapolis da sunan Finance.

A Indianapolis ɗin ne wata malama, Ruth Hoskins, ta koyi wasan. A 1929 ta tafi koyarwa a wata makarantar mabiya ɗarikar Kirista ta Quaker a Atlantic City, garin shaƙatawa da ke bakin teku a jihar New Jersey. Ita da abokanta suka zana allo da sunayen titunan garin, irin su Boardwalk da Park Place, aka kuma yanka wa kowane fili farashi a maimakon gwanjo, abin da ya sa wasan ya yi sauƙi har yara ma su iya.

Charles Darrow da Parker Brothers

Allon Atlantic City ya bi hannun abokai har ya isa Philadelphia, wurin wani mai suna Charles Todd. A wajajen ƙarshen 1932, Todd ya koya wa Charles Darrow da matarsa wasan. Darrow dillalin na'urorin ɗumama ɗaki ne da ya rasa aikinsa a gagarumar karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929. Ya roƙi Todd ya rubuta masa dokokin, sannan ya fara zana allon da hannu yana sayarwa da sunan Monopoly. Ya ƙawata zanen, amma sunayen titunan da dokokin na allon da aka nuna masa ne. Har kuskuren rubutun da ke kan allon Todd ya kwafa: wata unguwa da ke kusa da Atlantic City mai suna Marven Gardens ta zama Marvin Gardens, kuma haka sunan ya zauna a kan allon.

Da farko Parker Brothers da Milton Bradley duk sun ƙi wasan. Da Darrow ya buga shi da kuɗinsa, ya yi kasuwa a manyan kantuna irin su Wanamaker's a Philadelphia, sai Parker Brothers suka dawo suka saye shi a 1935, da alƙawarin ba shi kaso daga kowane kwalin da aka sayar. Darrow ya shaida wa shugaban kamfanin, Robert Barton, cewa shi ya ƙago wasan. Ranar 31 ga watan Disamba, 1935, aka ba shi takardar mallaka mai lamba 2,026,082.

Wasan ya ceto kamfanin daga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. An sayar da kwali kusan 278,000 a 1935, sannan fiye da miliyan 1.7 a 1936. Kamfanin Waddingtons na garin Leeds ya sami izinin buga shi a Ingila da sunayen titunan Landan, kuma wannan samfurin ne ya bazu a ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka. Labarin magidancin da ya rasa aiki ya ƙago wasa ya zama attajiri ya yi wa Amurkawa daɗi a wancan lokaci na matsi, kamfanin kuwa ya yi ta yayata shi shekara da shekaru. Darrow ya zama miloniya, ya mutu a 1967.

Sayar da takardar mallaka

Ba a daɗe ba Parker Brothers suka gano cewa akwai wasannin da suka riga na Darrow, sai suka shiga saye su ɗaya bayan ɗaya don kada wani ya yi musu kishiya a kasuwa. Sun sayi Finance, kuma a watan Nuwamba na 1935 George Parker da kansa ya je wurin Magie. Ta sayar masa da takardarta ta 1924 a kan dala 500, ba tare da wani kaso daga ciniki ba. Kamfanin ya kuma amince zai buga The Landlord's Game da wasu wasanninta biyu. Magie ta yi farin ciki da cinikin, domin tana ganin a ƙarshe babban kamfani zai kai ra'ayin George gidajen jama'a.

Da ta ga Monopoly ya mamaye kasuwa da sunan Darrow, sai ta yi magana. A watan Janairu na 1936 ta yi hira da jaridun The Washington Post da The Evening Star, aka ɗauki hotonta riƙe da allunan wasanta domin a ga kamannin. Rahoton The Evening Star ya nuna cewa idan aka haɗa kuɗin lauya da na maɗaba'a da na ofishin rajista, abin da ta kashe a kan wasan ya fi abin da ta samu. Hirarrakin ba su sauya komai ba.

Kamfanin ya cika alƙawarin bugawa: Bargain Day da King's Men sun fito a 1937, The Landlord's Game kuma a 1939. Amma ba a yi musu talla yadda ya kamata ba, ba su yi kasuwa ba, suka ɓace daga kantuna.

Ƙarshen rayuwa

Mijinta ya mutu a 1937. Cikin ayyukanta na ƙarshe akwai na tafireta a ofishin ilimi na gwamnatin tarayya, inda abokan aikinta suka san ta a matsayin dattijuwa mai yawan maganar ƙirƙirar wasanni. A ƙidayar jama'a ta 1940 an rubuta sana'arta a matsayin mai yin wasanni, a gurbin kuɗin shiga kuma aka sa sifili. Ta mutu a jihar Virginia tana da shekara 81, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Columbia Gardens da ke Arlington. Sanarwar mutuwarta a jarida da dutsen kabarinta duk ba su ambaci alaƙarta da Monopoly ba.

Shari'ar Anti-Monopoly

A shekarar 1973 Ralph Anspach, farfesan tattalin arziki a Jami'ar Jihar San Francisco, ya fitar da wani wasa mai suna Anti-Monopoly, wanda 'yan wasa ke wargaza babakeren manyan kamfanoni. Kamfanin General Mills, wanda ya mallaki Parker Brothers a lokacin, ya ce sunan ya keta alamar kasuwancinsa, magana ta kai kotu a 1974.

Domin ya kare kansa, Anspach ya shiga binciken asalin wasan. Ɗansa ne ya fara cin karo da sunan Magie a wani littafi kan tarihin kayan wasa. Daga nan Anspach ya bi sawu, ya nemo takardunta na mallaka, ya gano tsofaffin da suka yi wasan tun kafin Darrow, ciki har da Ruth Hoskins da Charles Todd da Dan Layman, wasunsu da allunan da suka zana da hannu har lokacin a ajiye. Shaidar da suka bayar ta shiga kundin kotu.

Shari'ar ta ɗauki kusan shekara goma. Anspach ya sha kaye a kotun farko, har aka binne kwalayen wasansa kusan 40,000 a wani juji a jihar Minnesota. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 1982, Kotun Ƙolin Amurka kuma ta ƙi sauraron ƙarar da kamfanin ya ɗaukaka a 1983. Daga baya ɓangarorin biyu suka yi sulhu, aka ci gaba da sayar da Anti-Monopoly. Shari'ar kan suna aka yi ta, amma ita ce ta tabbatar a rubuce cewa wasan ya riga na Darrow da kusan shekara talatin.

Tasiri

Masu nazarin tarihin wasanni a yau suna ɗaukar Magie a matsayin wadda ta aza harsashin Monopoly, jama'ar da suka yi ta kwafa da gyara shi tsawon shekara talatin a matsayin waɗanda suka ba shi siffarsa, Darrow kuma a matsayin wanda ya ƙawata shi ya kai shi kasuwa. Ana kuma lissafa The Landlord's Game cikin wasannin allo na farko da aka tsara domin koyar da wani ra'ayi na tattalin arziki ta hanyar dokokin wasan kansu.

Littafin The Monopolists na 'yar jarida Mary Pilon, wanda ya fito a 2015, shi ya fi yaɗa labarinta ga jama'a. A 2023 tashar talabijin ta PBS ta nuna wani shiri kan ɓoyayyen tarihin wasan. A 2019, da kamfanin Hasbro, wanda Parker Brothers ya koma hannunsa a 1991, ya fitar da Ms. Monopoly da sunan karrama mata masu ƙirƙira, ya sha suka saboda bai ambaci Magie ba.

Al'adar sa wa allon sunayen titunan gari, wadda 'yan wasan farko suka fara da hannu, ta ci gaba a samfurori na birane da dama. A watan Disamba na 2012 aka ƙaddamar da samfurin Legas, na farko da aka yi wa wani birni a Afirka, inda Banana Island ta zama fili mafi tsada, Makoko kuma mafi araha. Dokokin da ke cikin kwalin Monopoly har yau na tsarin babakere ne. Tsarin Prosperity ba ya ciki.